Darasin Kiwo: Karen Azawak, Mai Gadin Garke

Jama'a masu karatu, manoma da makiyaya, darasinmu na wannan wata a kan kare ne. Wani zai ce, ina ruwan darasin kiwo da kare, tun da ba a tatsarsa, ba a kuma yanka shi da salla? Amsa ita ce, duk mai tumaki ko awaki ko maruƙa a daji ya san cewa dabbar da ya shekara yana wahala da ita, kura ko dila suna iya ɗauke ta a dare ɗaya. Makiyayi mutum ne, dole ya yi barci. Kare kuwa ko yana kwance kunnensa a buɗe yake. Amma wannan karen da ke tsare dukiya, idan aka yi sakaci da lafiyarsa, shi ne zai kawo ciwon da ke kashe yaro a gida, ko tsutsar da ke lalata hantar tumaki. Saboda haka za mu duba wani irin kare na gargajiya wanda makiyayan Sahel suka daɗe suna kiwo, wato karen Azawak. Za mu ga asalinsa, da siffarsa, da horonsa, da abincinsa, da yadda ake kiyaye lafiyarsa. Yawancin abin da za a faɗa ya shafi kowane irin karen kiwo.

Asalinsa

Azawak sunan wani babban busasshen kwari ne wanda ya ratsa yammacin Jamhuriyar Nijar da gabashin Mali. A Nijar yana arewa da Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara. A Mali kuwa yana wajen Minaka. Ƙasa ce ta makiyaya, ruwan samanta kaɗan ne, daminarta gajera ce. Daga nan ne shanun Azawak masu yawan nono suka samo sunansu, haka ma wannan kare. Ana kuma samunsa a arewacin Burkina Faso. Buzaye da Fulanin wannan yanki su ne masu shi tun kaka da kakanni. A harshen Buzaye kowane kare idi ne, amma wannan mai dogayen ƙafafu suna ce masa oska.

A da yana da aiki biyu, gadi da farauta. Da dare yana tsare zango da dabbobin da suka kwana kewaye da shi. Da rana kuma a kan tafi da shi farautar zomo da barewa. Fari na 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun hallaka dabbobi masu yawa a Sahel, kuma duk inda garke ya ƙare, karen garke ma ya rasa mai ciyar da shi. Namun daji su ma sun ragu ƙwarai, har wasu irin barewa suna gab da ƙarewa. Don haka aikin da ya fi dacewa da shi yau shi ne gadi.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, zuwa Faransa da ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci. A 2019 babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin karnukan da ta amince da su. Ashe abin da wasu ke jifa da dutse a bakin kasuwa, wasu suna rubuta sunan uwarsa da ubansa a littafi.

Siffarsa

Karen Azawak dogo ne siriri. Tsayin namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 64 zuwa 74 ne, wato wajen kamu ɗaya da rabi. Mace kuwa santimita 60 zuwa 70. Nauyin namiji kilo 20 zuwa 25, mace kilo 15 zuwa 20. Ƙafafunsa dogaye ne, ƙirjinsa mai zurfi, cikinsa a ɗame. Kansa siriri ne, kunnuwansa a kwance suke gefen kai. Gashinsa gajere ne ƙwarai, a ciki ma kusan babu. Launinsa yawanci ja ne ko ruwan ƙasa, wani da ratsin baƙi, da fari a ƙirji da ƙafafu da bakin wutsiya. Gudunsa yana kai kilomita 60 a awa.

A lura da abu ɗaya. Ko ya ƙoshi, a kan ga alamar haƙarƙarinsa da ƙashin ƙugunsa, don haka Allah ya halicce shi. Ana gane mai yunwa ne ta wasu alamu: gashi ya dushe, cinyoyi sun zube, ido ya faɗa, ba ya son tashi.

Halinsa shi ne ya shaƙu da mutanen gidansu, amma ba ya sakin jiki da baƙo. Yana jure zafin rana fiye da yawancin karnuka. Sanyi da ruwan sama kuwa suna wahalar da shi, saboda ba shi da kitse ko gashi mai kauri.

Karen kora da karen gadi

Karnukan kiwo iri biyu ne a duniya. Akwai na kora, waɗanda ke tattara tumaki su kora su inda makiyayi ya nuna, kamar wani kare da ake kira Boda Koli a kan iyakar Ingila da Sikotilan. Akwai kuma na gadi, waɗanda ke zama tare da dabbobi su hana mugun dawa kusantarsu, kamar karen Kangal na lardin Sibas a Turkiyya. Karen Azawak cikin na gadi yake. Kada a sa ran zai kora maka shanu zuwa mashaya.

Amfanin karen gadi abu ne da aka gwada. A ƙasar Namibiya, tun 1994 ake raba wa makiyaya 'yan kwikwiyon karnukan Turkiyya domin su tsare awaki da tumaki daga wata irin damisa mai tsananin gudu. Mafi yawan waɗanda suka karɓa sun ce asararsu ta ragu ƙwarai, kuma sun rage kashe namun daji. Sirrin abin shi ne, tun suna ƙanana ake haɗa su da garke.

Sai dai a san iyakar ƙarfinsa. Karen Azawak guda ɗaya ba ya kayar da kura. Aikinsa shi ne ya ji motsi tun daga nesa, ya yi haushi, ya ta da mutane da sauran karnuka, su taru su hana ta sakat har ta haƙura. Shi ya sa biyu ko uku sun fi ɗaya. Ɓarawo mai makami kuwa, abin da kare zai iya shi ne ya sanar da zuwansa.

Malamai sun yi bayani cewa an halatta ajiye kare domin kiwo da gadin gona da farauta. Sun kuma ce wanda ya ajiye dabba, ciyar da ita da shayar da ita suna wuyansa.

Zaɓen kwikwiyo

Kafin ka karɓi kwikwiyo, ka ga uwarsa, in da hali har da ubansa. Ka tambaya: suna kwana da garke? Sun taɓa kashe kaza ko ɗan akuya? Suna cizon mutane haka kawai? Hali yana bin jini. Sannan ka duba shi kansa kwikwiyon:

1. Idonsa ya kasance garau, babu kwantsa.
2. Hancinsa babu majina, ba ya tari.
3. Dasashinsa ja ne. Idan fari ne, jininsa ya yi ƙaranci.
4. Cikinsa bai kumbura kamar tulu ba, don wannan alamar tsutsa ce.
5. Ƙarƙashin wutsiyarsa babu alamar zawo.
6. Fatarsa babu ƙuraje, gashi bai zube ba.
7. Idan ka tafa hannu, ya juyo ya duba, kada ya gudu ya ɓuya.

Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika mako 7 ko 8. A wajen uwa da 'yan'uwansa yake koyon iyakar wasa da iyakar cizo. Wanda aka cire da wuri yakan tashi da tsoro ko da faɗa.

Horo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga mako 3 zuwa mako 12 na rayuwarsa kwikwiyo yake sanin su wa ne nasa. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci, shi zai tsare idan ya girma. Ga yadda ake bi:

Daga mako 8 zuwa wata 4. A sa shi a garka tare da 'yan tumaki ko 'yan awaki da iyayensu masu sanyin hali. A yi masa ɗan lungu da itace ko kara, inda zai shige idan tunkiya ta kawo masa karo. A nan zai ci, a nan zai kwana. Kullum mai shi ya kira sunansa, ya shafa shi, ya buɗe bakinsa, ya ɗaga ƙafafunsa, ya sa masa igiya a wuya na ɗan lokaci. Amfanin wannan zai fito ranar allura, domin karen da ba ya kamuwa ba ya samun magani. Ya san duk mutanen gida, amma kada yara su mai da shi abin wasa su riƙa yawo da shi cikin gari.

Daga wata 4 zuwa wata 6. Ya fara bin garke zuwa kiwo na kusa, da safe ko da la'asar. Idan ya baro dabbobi ya dawo gida, a mayar da shi nan take. Idan akwai tsohon kare mai hankali, a haɗa su, don shi ne babban malaminsa.

Daga wata 6 zuwa shekara ɗaya. Wannan shi ne lokacin ƙuruciya, kuma a nan yawancin karnuka ke lalacewa. Jinin farauta yana jikinsa, duk abin da ya ruga zai so ya bi. Zai gwada korar 'yan raguna, da cizon kunnensu, da bin kaji da zabi. Da zarar ya fara, a daka masa tsawa a lokacin, a ɗaure shi ɗan lokaci. Tsawar da aka yi bayan awa ɗaya ba ta da amfani, don bai san laifin da ya yi ba. Kada a doke shi da sanda. Karen Azawak yana da riƙo, wanda aka saba duka yakan zama matsoraci ko maciji.

Daga shekara ɗaya zuwa biyu. Sai ya kai wata 18 zuwa shekara 2 hankalinsa ke cika. Kafin nan kada a bar shi shi kaɗai da tunkiya mai haihuwa. Kada kuma a bar shi ya ci mushen ɗan tunkiya ko ɗan akuya. Ba a ba kura ajiyar nama, kuma karen da ya ɗanɗana naman garkensa da wuya ya daina.

Idan za a ratsa gari ko kasuwa ko gonakin mutane, a riƙe shi da igiya. Cizo ɗaya ya isa ya haɗa makiyayi da manomi faɗa, alhali ana zaune lafiya.

Abinci da ruwa

A ƙasar Azawak kare yana cin abin da mai shi yake ci, wato gero da nono. Wannan tushe ne mai kyau. A dafa tsakin gero ko na dawa ko na masara ya nuna sosai, a zuba nono ko tsala. A ƙara masa abin gina jiki gwargwadon hali: dafaffen nama, dafaffen kayan ciki, dafaffen ƙwai, ko dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya. Ƙanzo da ruwan wanke-wanke kaɗai ba su riƙe karen da ke tafiya wuni guda.

Kwikwiyo ɗan wata 2 zuwa 3 yana ci sau huɗu a rana. Daga wata 3 zuwa 6, sau uku. Daga nan sau biyu, da safe da maraice. Kada a cika masa ciki sannan a tashi tafiya ko gudu nan take. A ba shi abinci a wuri ɗaya, kusa da garke. Karen da aka bari da yunwa zai tafi neman abinci a juji da mayanka, ya bar garke ba mai tsaro, ya kuma kwaso cuta.

Ga abubuwan da ba a ba kare: albasa da tafarnuwa masu yawa, don suna lalata masa jini, goro da cakulan, don guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza ko na zabo, don yana tsagewa ya huda hanji, da ruɓaɓɓen nama ko mushe.

Kare mai kilo 20 yana bukatar ruwa fiye da lita ɗaya a rana, wato fiye da kwalbar lemo uku. Da bazara yana iya shan ninkin haka. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma haki yana cinye ruwa. A ware masa kaskonsa na ci da na sha, kada ya sa baki a ƙwaryar mutane ko randa. Duk sanda aka shayar da garke, a shayar da shi.

Makwanci

Da rani a yi masa inuwa. Da hunturu a sa masa buhu ko ciyawa a wurin da iska ba ta bugawa. Da damina wurin ya kasance a kan tudu, busasshe. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa wadda fitsari ko kashi ya ɓata. Tsutsarsa tana huda fatar kare, musamman kwikwiyo, ta yi ƙurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Idan an gani, a toshe ramin da man shafawa mai kauri, a jira kaɗan, a matse tsutsar ta fito, a wanke da sabulu. Share makwanci kullum shi ne rigakafinta. Kowace maraice kuma a duba tafin ƙafarsa, a cire ƙaya da ƙarangiya da tsidau.

Ciwon haukan kare

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a darasin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga kare suke samunsa, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba. Tana shiga ta cizo, ko yaƙushi, ko lasar rauni, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan yi wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Idan alamunta suka bayyana, kusan babu mai tashi. Karen kiwo yana cikin haɗari sosai, don yana faɗa da dila da karnukan da ba su da mai su. Shanu da tumaki da awaki da jakuna su ma suna kamuwa idan an cije su.

Amma akwai rigakafi. Tun 1885 wani masani ɗan Faransa, Luwi Fastor, ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo. A Nijeriya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. A yi wa kwikwiyo idan ya cika wata 3, sannan a maimaita kowace shekara. Masana sun tabbatar cewa idan aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na yanki allura, aka kuma dore a kan haka, ciwon yana daina yaɗuwa a wurin. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, kuma a wurare da dama a kan yi allura a lokacin. A tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alamun ciwon a jikin kare su ne: halinsa ya sake farat ɗaya, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gani, yana dalalar da yawu, muryarsa ta canja, yana tafiya ba ya sanin inda ya nufa. Akwai kuma nau'in da ba ya faɗa. Sai a ga muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa don ciro ƙashi.

Idan kare ya ciji mutum, ga abin yi:

1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa har minti 15.
2. Kada a sa barkono, ko toka, ko kanwa, ko gashin karen. Kada a ɗaure wurin tamau.
3. A tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Cizo a fuska ko wuya ko hannu ya fi gaggawa.
4. Allurar mutum ba ɗaya ba ce, ana yin ta a ranaku daban-daban. A cika su duka.
5. A tsare karen kwana 10, ana ba shi ci da sha, a sanar da malamin dabbobi. Kada a jira kwana 10 ɗin kafin a je asibiti.
6. Idan karen ya mutu ko an kashe shi, kada a feɗe shi. Ma'aikata su ne za su ɗauki abin da za a auna.

A koya wa yara su faɗa idan kare ya cije su ko ya yaƙushe su, kuma kada a doke su don sun faɗa. Yaron da ya ɓoye cizo don tsoron bulala, shi ne wanda ake rasawa.

Tsutsar ciki

Kusan kowane kwikwiyo yana samun tsutsa daga uwarsa. A ba shi maganin tsutsa yana mako 2, da 4, da 6, da 8, sannan kowane wata har ya kai wata 6. Babban kare kuwa, kowane wata 3. Ana auna magani da nauyin kare, don haka malamin dabbobi ne zai faɗi adadin.

Akwai wata faffaɗar tsutsa wadda ke zagayawa tsakanin kare da garke. Mahauta sun san hanta ko huhu mai ƙullutu cike da ruwa. Idan aka jefa wa kare wannan ɗanye, tsutsar za ta girma a hanjinsa. Ƙwanta zai fita cikin kashinsa ya zuba a ciyawa, tumaki da shanu su ci, su ma su yi ƙullutun. Mutum ma yana kamuwa idan ƙwan ya shiga bakinsa ta hannu ko abinci, kuma sau da yawa sai an yi masa aiki a asibiti. Wata 'yar'uwarta kuma a ƙwaƙwalwar tunkiya take yin ƙullutu, shi ya sa a kan ga tunkiya tana ta juyawa wuri ɗaya har ta mutu. Kare yana samun wannan ne daga cin ɗanyen kan tunkiya. Maganin abin uku ne: kada a ba kare ɗanyen kayan ciki ko ɗanyen kai; a binne mai ƙullutu da zurfi ko a ƙone shi; a ba kare maganin da ake kira farazikwantal. A kuma wanke hannu da sabulu bayan taɓa kare.

Masu kai dabbobi wajen Cadi su lura. An tabbatar da Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu a 2013. Amma a Cadi tun 2012 ake ganinsa a jikin karnuka, har a 2019 an samu kusan 2,000 da suka kamu, yawanci a ƙauyukan bakin kogin Shari. Ana danganta abin da cin ɗanyen kayan cikin kifi da shan ruwan tafki. Wanda ya ga farar tsutsa kamar zare tana fita daga ƙafar karensa, ya ɗaure shi nesa da ruwa, ya sanar da ma'aikatan lafiya.

Kaska, ƙuma da sauran cututtuka

Kaska tana shan jini, tana kuma sa zazzaɓin da ke sa dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja. A duba kunnuwa da wuya da tsakanin yatsu. A kama ta daf da fata a ja a hankali, a jefa cikin kananzir. Kada a fasa ta da farce. Don kaska da ƙuma da ƙazuwa, a nemi maganin da aka yi domin kare. Kada a shafa masa fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko baƙin mai. Fatarsa siririya ce, guba tana saurin shiga jikinsa. Haka kuma kada a ba shi maganin ciwon kai na mutane, don yana iya lalata masa hanta ko ƙoda.

Akwai ciwon fabo, wanda ya bayyana a duniya a 1978. Yana sa kwikwiyo amai da zawo mai jini da wari, ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma distamfa, mai sa kwantsa da majina da tari, daga baya farfaɗiya. Dukansu suna da allurar rigakafi, wadda ake farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai wata 4. Wanda ya kamu a ware shi daga sauran.

Haihuwa

Yawancin karnuka suna neman barbara sau biyu a shekara, amma karyar Azawak sau ɗaya ta fi yi. Lokacin yana ɗaukar wajen mako 3. Kada a bari ta ɗauki ciki sai ta kusa shekara 2. A zaɓa mata namiji mai aikin kirki wanda ba ubanta ko ɗan'uwanta ba, a tsare ta daga karnukan gari, in ana son irin ya tsaya da kyansa. Cikinta kwana 63 ne, ko da ɗan ƙari ko ragi. Takan haifi 4 zuwa 6. A tabbata kowane ɗa ya sha dakashi a ranar farko, don shi ne rigakafinsa na fari. Mai shayarwa tana bukatar ninki biyu zuwa uku na abincinta, da ruwa mai yawa. 'Ya'yan suna buɗe ido a kwana 10 zuwa 14, su fara lasar kunu da nono a mako 3 zuwa 4.

Tun kafin ta haihu a san makiyayan da za a ba 'ya'yan. Kada a zubar da su a daji ko a bakin kasuwa, don su ne ke zama karnukan da ba su da mai su, masu yaɗa hauka. Wanda ba ya son ƙari, likitan dabbobi yana iya yi wa namiji fiɗiya, ya yi wa mace aikin hana haihuwa. Karen da aka kula da shi yana kai shekara 12 ko fiye. Idan ya tsufa, a ci gaba da ciyar da shi, a kuma kawo ƙarami ya koya a wajensa tun yana da ƙarfi.

A rubuta

A sami ɗan littafi a rubuta sunan kare, da ranar haihuwarsa, da ranar kowace allura, da ranar maganin tsutsa. A adana takardar shaidar allura. Ranar da karenka ya ciji wani, ita ce abu na farko da za a tambaye ka.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe ake samun karen Azawak?
2. Mene ne bambancin karen kora da karen gadi?
3. Me ya sa ake haɗa kwikwiyo da garke tun yana ɗan mako 8?
4. Faɗi abubuwa uku da ba a ba kare.
5. Minti nawa ake wanke cizon kare? Me ake yi bayan haka?
6. Idan aka yi wa kare allurar hauka ranar 5 ga Oktoba, yaushe za a sake yi masa?
7. A wani ƙauye akwai karnuka 40. Nawa za a yi wa allura kafin a kai 70 cikin 100?

Aikin yi: ku ƙidaya karnukan unguwarku ko rugarku, ku rubuta nawa aka yi wa allura a cikin shekarar nan. Ku kai lissafin wurin mai unguwa ko arɗo, domin a nemi malamin dabbobi ya sa rana.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, amin.